Muryar Dakta kan zancen bincike a horon rediyoloji

Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata da ta yi tambaya da safe, wai in mutum ya shiga horon rediyoloji, wato fannin ɗaukar hoton cikin jiki, a nan Najeriya ana koyar da bincike da gaske ne, ko sai ya tsallaka waje. To na gane inda kika dosa. Tsoronki kar binciken ya ja miki shekaru, 'yan ajinku su zama konsoltan ke kina nan kina cike fom. Ko ba haka ba?

To ki sani ba zaɓi ba ne. Ko kwalejin ƙasa ta horar da ƙwararrun likitoci da ke Ijanikin a Legas kika bi, ko ta likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, ba ki tsallake Part II, wato jarrabawar ƙarshe ta horon, sai kin rubuta kundin bincike kin kare shi gaban malamai. Kafin nan ma sai an amince da shawarar binciken, kwamitin ɗa'a na asibiti ya sa hannu. Matsalar ita ce yawancinmu ba ma waiwayarsa sai jarrabawa ta matso, sai a yi ta gudu-gudu. Amurka suna da tsarin Holman, ana ware wa mai horo fiye da shekara guda ya zauna kan bincike. Nan kuwa tsakanin kiran dare da layin masu jiran sikanin za ki tsakuri lokacinki.

Amma kar wani ya ce miki sai da babbar na'urar ɗaukar hoto ta MRI ake bincike, wallahi ba haka ba ne. Dubi Kano. A asibitin koyarwa na Aminu Kano, na'urar Doppler aka riƙa ɗora wa yara masu sikila a gefen kai ana auna gudun jini. Wanda nasa ya kai santimita 200 a daƙiƙa, an san yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, sai a sa shi kan maganin hydroxyurea. Aikin nan ya shiga manyan mujallun duniya. Mu nan Jos ga masu haƙar kuza a Bukuru da Barikin Ladi, ƙura suke shaƙa kullum, hoton ƙirjinsu kaɗai ya ishe ki... to bari dai in bar wannan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fom ɗin neman hoto. Akwai wani asibiti da na yi aiki, na je tattara hotunan ƙirji na shekarun baya, sai na tarar an rubuta "tari" kawai. Tarin kwana nawa? Yana shan taba? Mene ne sana'arsa? Babu! Wani ko shekarun ba a sa ba, an ce "babba". Babba kamar yaya? Fim ɗin kuma majiyyaci ya tafi da shi gida, rajistar ruwa ya jiƙa ta. Haka na haƙura da batun ɗungurungum, har yau abin na yi mini ciwo. Kuma ku ne gobe za ku riƙa cike fom ɗin nan a hausmanshif, wato shekarar farko ta aiki bayan kammala karatun likita, don Allah ku rubuta tarihin ciwo.

Au, ke a aji biyar kike ko? To furojet ɗinku na kiwon lafiyar al'umma, ki yi lissafinsa da hannunki, kar ki biya wani. Ki zo sashenmu a asibitin koyarwa na Jos da ke Lamingo ranar Laraba bayan azahar, ki taho da littafin rubutu. Ana kirana, sai anjima.