Dalilin da ya sa ake farautar fashewar hasken gama daga sararin samaniya

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ba a gano fashewar hasken gama, wato walƙiyar wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani wadda ke zuwa daga can nesa a sararin samaniya, da madubin hangen nesa na ƙasa. Iskar da ta lulluɓe duniya ce take shanye hasken gama tun kafin ya iso gare mu, shi ya sa dole a ɗora na'urar a kan tauraron ɗan'adam.

Gano ta ma katari aka yi. A 1967, taurarin ɗan'adam na Vela da Amurka ta harba don sa ido kan gwajin makaman nukiliya suka hango wani walƙiya da bai fito daga duniya ba, kuma sai a 1973 aka bayyana sakamakon.

Babbar wahalar ita ce gajartar lokaci, domin wata fashewar ba ta kai daƙiƙa 2 ba. A ganina nan ne tauraron ɗan'adam mai suna Swift, wanda hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba a 2004, ya yi fice: da zarar ya hango fashewa, sai ya juya da kansa ya fuskanci wurin, ya kuma aika wa masu bincike a ƙasa inda take, domin su bi sauran hasken da ya rage, wanda ba na gama ba ne kuma yana isowa ƙasa, kafin ya dusashe.