Na ɗora madubi a bindigar farauta amma harsashi ya ƙi zama wuri ɗaya

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina zaune a Amurka, abokan aikina sun gayyace ni farautar barewa a watan Nuwamba, na yi lasisi na sayi bindiga .308 na ɗora mata sikof, wato madubin hangen nesa, da kaina. Na ƙona harsashi ya fi 40 ina juya saiti, yanzu ya tafi hagu anjima ya tafi sama, kuma madubin ya fasa min gira. Madubin ne jabu ko ni ne?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Gaskiya da wuya a ce madubin ne, yawanci matsalar daga ɗaurin take da kuma yadda kake bin harsashi ɗaya-ɗaya kana juya saiti. Ka daina taɓa maɓallan nan tukuna, ka cire harsashi ka tabbatar ba komai a ciki, ka kwance komai mu faro daga tushe.

Fara da zoban da ke riƙe madubin. Jikin sikof akwai mai kaurin inci 1 akwai mai milimita 30, in ka sa mai inci 1 a zoben 30 zai riƙa zamewa duk harbi ko ka ɗaure kamar me. Sannan ɗaurin kansa, mutane da yawa gani suke ƙarfi shi ne aiki, sai su murɗe sukurun har su matse jikin madubin su lalata abin da ke ciki. Yawancin kamfanoni tsakanin 15 da 18 na ma'aunin inci-fam suke cewa a ɗaure sukurun zobe, ka duba takardar naka, ka sayi sukundireba mai auna ƙarfi. Ka riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan wannan gefe da wancan har tazarar zoben ta zo daidai ta kowane ɓangare. Sukurun ƙasa wanda ke manne da bindiga ka goge masa mai, ka ɗiga Loctite shuɗi, wato gam mai hana sukuru saki, ja kuwa kada ka sa don sai da wuta yake kwancewa.

Girar da ta fashe kuma, madubin ya matso ido da yawa ne. Ana so a bar kamar inci 3 zuwa 4 tsakanin ido da madubin. Ka sa rigar sanyin da za ka shiga daji da ita, ka rufe ido ka ɗora bindiga a kafaɗa yadda ka saba, ka buɗe, in ba ka ga hoto cikakke ba madubin za ka matsar gaba ko baya, wuyanka ya zauna inda yake, kuma ka yi wannan gwajin bayan ka zuƙo hoton madubin har ƙarshe. Kafin ka ɗaure ka rataye igiya da dutse a nesa ka daidaita layin tsaye na gicciyen da ke cikin madubin da ita, in ya karkace duk sanda ka juya sama harsashi zai riƙa ɗan tafiya gefe.

To yanzu saitin, nan ne na fi so ka nutsu. Kada ka fara a yadi 100. Ka kafa kwali babba a yadi 25, bayansa akwai tudun ƙasa da zai tare harsashi, ka zare sakatar bindigar ka leƙa ta cikin bututu ka saita tsakiyar kwalin, sai ka juya gicciyen ya zo wurin ba tare da bindiga ta motsa ba. Ka ɗora katakon gaba a kan buhun yashi, bututun kansa kar ya taɓa komai. Ka harba uku a wuri ɗaya ba ka taɓa komai ba. In ukun sun taru, ko da can gefe suka taru, alhamdulillahi, ka auna daga tsakiyarsu zuwa inda ka nufa ka juya. In sun watse kuwa juya maɓalli ba zai gyara komai ba, ko wani sukuru ya saki ko kana fizgar kunama saboda tsoron bugun da ka sha, kuma wannan na faruwa sosai bayan mutum ya ji ciwo, maganinsa ka yi ta gwada jan kunama a hankali da harsashin roba na atisaye.

Lissafin ma yana rikita mutane. Yawancin madubai ƙas ɗaya, wato ƙarar da maɓallin saiti ke yi duk juyi ɗaya, rubu'in inci ne a yadi 100, wato ƙas 4 inci guda, amma a yadi 25 sai ka yi ƙas 16 kafin ya motsa inci ɗaya. In ka gama sai ka koma 100 ka sake uku. Ka bar bututu ya huce tsakani, don a daji harbin farko da bututu mai sanyi za ka yi, kuma ka yi saiti da ainihin harsashin da za ka yi farauta da shi, kamfani ɗaya nauyi ɗaya, mai giren 150 (ma'aunin nauyin harsashi ke nan) da mai 180 ba sa sauka wuri guda.

Don Allah kada ka ɗaga wa barewa bindiga sai ka ga ukun nan suna taruwa inda ka nufa, dabbar da aka jikkata ta gudu wahala take sha kafin ta mutu. In Nuwamba ta matso abin bai zauna ba, ka kai wa mai gyaran bindiga ya ɗaura maka, saitin ƙarshe dai kai za ka harba da kafaɗarka.