Malam, Ina Alamar Za Ta Fuskanta?

Tambaya: Malam, ɗana zai rubuta jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wato BECE, bana. Lissafi yana iya shi, amma da an ba shi tambaya cikin labari aka ce ya fitar da rashin daidaito (lissafin da ake rubutawa da alamu irin su ≤ da ≥), sai ya tsaya yana cizon biro. Yaya zan taimaka masa? Daga wata uwa, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Hajiya, ki aike shi kasuwar Kejetia a baki. Ki ce kin ba shi sidi 50, ya ware 6 na motar haya, wato trotro, ya sayo littafin rubutu, kowanne sidi 8. Nawa zai iya saya? Abin da bai sani ba ya kira shi x. Kuɗin littattafai 8x ke nan, a haɗa da na mota: 8x + 6. Kuɗin ba zai wuce 50 ba, amma yana iya cinye 50 ɗin cif, don haka 8x + 6 ≤ 50. A cire 6, a raba da 8: x ≤ 5.5. A nan ɗalibaina ke faɗuwa, su rubuta 5.5 su tashi. Wa zai sayar maka da rabin littafi? Amsar 5 ce.

In ya ga "aƙalla", ≥ ake nufi. "Ƙasa da" kuwa < ce, ba layi a ƙarƙashinta.