Fili ko jari, wanne zai fara ƙare maka?

Wani manomi daga Goronyo ya aiko da tambaya: "Malam, ina da hekta ɗaya a fadama da injin ban ruwa. Maƙwabtana duk albasa suke dasawa, ni kuwa jarina bai kai in cika filin da ita ba. In ci bashi ne, ko in bar sauran filin ya kwana?"

Alhaji, kafin a kai ga bashi, ɗauko takarda. A noman rani da wuya fili ya fara ƙarewa. Kuɗin fetur, taki da 'yan ƙwadago su ne ke tsayar da mutum a tsakiyar aiki. To, a kan abin da zai fara ƙarewa ake gina lissafi.

Ga misali, amma alƙaluman na koyarwa ne, ka sa naka a madadinsu. Raba hektar gida huɗu. A ce kwata ɗaya ta albasa tana cin naira dubu 200 ta bar ribar dubu 160, kwatar alkama kuma ta ci dubu 80 ta bar ribar dubu 80. Jarinka dubu 560. In ka bi maƙwabta, kuɗin zai ƙare ba ka cika kwata uku ba, ribarka dubu 448. In ka shuka alkama zalla, fili ya cika, riba dubu 320, ga dubu 240 kwance a aljihu ba ta haifi komai ba. Amma kwata biyu albasa, biyu alkama, za su cinye dubu 560 cif, su bar maka dubu 480. Ba bashi, ba filin banza.

Albasa ta fi riba a kan kowace kwata, alkama ta fi riba a kan kowace naira, shi ya sa gaurayen ya yi nasara. Wannan dabara ba tawa ba ce. Wani masanin lissafi ɗan Rasha, Kantorovich, ya tsara ta a 1939 don wata masana'antar katako, har ta kai shi ga lambar Nobel a 1975. Manyan kamfanoni kwamfuta ke yi musu, domin kayansu da yawa. Mai amfanin gona biyu ko uku, biro ya ishe shi.

Inda nake jin tsoro shi ne alƙaluman da za ka saka. Yawancinmu muna tuna kuɗin taki, mu manta da ladan dashe, gyaran inji, buhunan zuba kaya, kuɗin mota zuwa kasuwa da la'adar dillali. Wanda ya bar waɗannan a waje, lissafin dokin Rano ya yi. Kada kuma ka sa farashin shekarar da albasa ta yi tsada. Sa na lokacin da kowa ya cire, kasuwa ta cika. In da wannan farashin ma akwai riba, bismillah.

Tambaya ta biyu daga Kware: "In sayar da albasata da zarar na cire, ko in zuba a rudu sai ta yi daraja?"

Kowa ya san farashi kan faɗi a watannin Maris da Afrilu, ya tashi idan damina ta yi nisa. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne albasa na raguwa a ajiya: ta tsotse, wata ta ruɓe, wata ta tsiro. In ka zuba buhu 100 ka kwashe 70, sai farashi ya ƙaru da kashi 43 cikin 100 kafin ka dawo inda kake ran da ka cire. Ba a ma sa kuɗin yin rudun da na masu tsince ruɓaɓɓu ba. Saboda haka bana ka ƙirga buhun da ya shiga da wanda ya fito, ka rubuta. Wannan adadi ɗaya ya fi maka duk jita-jitar kasuwar Illela amfani.

Kuma ba kowace albasa ce ta ajiya ba. Wadda aka ɗura wa takin yuriya a ƙarshe, ko aka ba ta ruwa har gab da cira, wuyanta ba ya bushewa da kyau; sayar da ita nan take. Ajiye wadda ganyenta ya kwanta da kansa, ta sha iska a inuwa.

Wata baiwar Allah mai turara shinkafa a Wurno ta ce ba ta yi boko ba, yaya za ta riƙa rubuta nata lissafin?

Hajiya, ajami ya wadatar, ko ki riƙa ɗaukar muryarki a waya, yaro ya kwafe miki ran Juma'a. Abu huɗu kawai: nawa kika sayi buhun shanshera, nawa itace da injin casa suka ci, mudu nawa ya fito, nawa kika sayar. Bayan buhu goma ki duba shinkafar wane manomi ce ta fi ba ki mudu, ki riƙe shi.