Golf 3 ɗina na shan baƙin mai, in zuba tiritmen?

Malam ka ce Golf 3 ɗinka tana shan baƙin mai kuma bakanike ya ce ka ƙara tiritmen ɗin nan mai kauri kamar zuma, to ni dai shawarata ka dakata tukuna. Fara duba ƙasan motar da safe, in ka ga ɗigo to sil ne ko gasket da ke hana mai yoyo ya lalace, in kuma shuɗin hayaki take fitarwa ta salansa idan ka taka totur to ringin fistin da ke cikin inji ne suka cinye, tiritmen zai rage hayakin na ɗan lokaci amma ba ya gyara ringi wallahi.

Tsohon inji irin naka a zafin Kano baƙin mai mai kauri, lamba 20W-50, ya fi masa, 5W-20 na sababbin motoci ya yi ruwa da yawa, zai riƙa bi ta inda ya lalace yana ƙonewa. Kuma don Allah ka guji na awo da ake sayarwa a kwalba bakin titi, ka sayi galan a rufe daga gidan mai, jabu ya yi yawa. Ni duk kilomita 4,000 nake juye saboda ƙurarmu, kuma tare da filta nake canzawa, kar ka bari a mayar maka da tsohuwar.