Ɗana ya ce 3 ga Agusta ranar yaudara ce

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Tawa. Ɗana ɗan kwaleji ya ƙi bin mahaifinsa wajen dashen itatuwa ranar 3 ga Agusta. Wai ya ji wata murya a WhatsApp tana cewa babu wani 'yanci da aka samu a 1960, dashen ma an ƙago shi ne don a shagaltar da mu. Na rasa amsar da zan ba shi, ni kaina nakan rikita ranar da 18 ga Disamba. Abin ya dame ni.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ranakun ba su da wuyar rabewa. Ranar 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar, amma tana ƙarƙashin inuwar Faransa. Ita ce bikin da aka riƙa zagayawa da shi jiha-jiha, kamar Tawa Sakola da kuka karɓa a 2017. Ranar 3 ga Agusta 1960 kuwa ita ce ta 'yancin kai, Diori Hamani na shugaban ƙasa.

Sai maganar muryar nan, wadda nake cin karo da irinta kusan kullum a aji, har ta ishe ni. Abin da ya sa take kama yara shi ne akwai gaskiya a cikinta. 'Yancin 1960 bai cika ba. An sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da Faransa a 1961, kuɗin sefa ya zauna daram, uraniyom ɗin Arlit ya fara fita a 1971 talaka bai ga amfaninsa yadda ya kamata ba. Ko zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958 akwai abin faɗi a kansa: Djibo Bakari da jam'iyyar Sawaba sun ce a'a ga ci gaba da zama ƙarƙashin inuwar Faransa, Faransa ta turo gwamna Kolombani dab da zaɓen, "i" ta yi rinjaye, a 1959 aka haramta Sawaba. Duk wannan ina koyar da shi, ba na ɓoyewa.

Amma daga "bai cika ba" zuwa "babu shi" tafiya ce mai nisa, kuma a nan masu muryoyin suke cutar da 'ya'yanmu. Mutumin da bai taɓa buɗe littafin tarihi ba, ya ɗauki waya ya yi minti biyar yana kumfar baki, ya share wahalar kakanni. Ki tambayi ɗanki ko ya san abin da rundunar hafsoshin Faransa Bule da Shanuwan ta yi wa Birnin Ƙonni a 1899, nan cikin jiharku. Ya san Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tare su a shekarar? Ya san Kawusan, jagoran Abzinawa da ya yi wa sojojin Faransa ƙawanya a Agadas daga ƙarshen 1916? Ya san sai a 1946 aka soke aikin tilas, wanda ake kwasar magidanci daga gonarsa ya je fasa dutse ba ko sisi? Jikan wanda aka yi wa haka, in ya ce ranar da aka sauke tutar Nasara ba komai ba ce, wallahi ya ci amanar kakansa. Kuma yaron da aka koya wa cewa duk abin da ya gabata ƙarya ne, gobe duk mai babbar murya zai iya jan sa inda ya ga dama. Wannan ne tsorona.

Dashen itace kuwa ba Faransa ta kawo shi ba. Seini Kunce ne ya haɗa shi da ranar a 1975, bayan farin da ya halaka dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu. Ku mutanen Adar kun fi kowa sani. Layukan dogon yaro na kwarin Magiya da ke tare iska, da aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984, sun mayar da fako gona.

Kada ki yi masa faɗa, Hajiya, tunda tambaya yake yi. Ki kai shi wajen wani dattijo a danginku ya ji labarin zamanin Nasara daga bakinsa. In Agusta ta zagayo ki ba shi icce guda ya dasa a ƙofar gida, ki ce ban ruwansa da kare shi daga awaki har damina ta gaba duk a wuyansa suke.