Riƙe babbar kyamara a hannu a titunan Kumasi

Ka tambaya ko za a iya riƙe babbar kyamarar fim irin Linhof ko Horseman a hannu, ba tare da kafa ta a kan ƙafafu ba, a ɗauki mutane da titi. Za a iya, ɗan'uwa, amma ta fi kyau ga hoton titi, ban da na fuska kusa-kusa.

Ni in zan shiga Kejetia ko Asawase, tun a gida nake saita nisa a mita 4, madubin kyamara mai milimita 90 a f/11 (girman ƙofar da haske ke shiga), gudun ɗauka 1/250 na daƙiƙa, fim ISO 400 (ƙarfin karɓar haskensa). Duk abin da ke tsakanin mita 3 da 6 yana fitowa tas. A hoton fuska kuwa, mutum na ɗan sunkuyawa idonsa ya dusashe a hoton, ga shi naɗin fim ɗin da ake kira 120 hoto 8 kacal yake bayarwa a girman santimita 6x9.